Mai Alli da Ƙofar Motar Abba

Mai Alli ake kiransa, domin ba ka ganinsa babu guntun farin alli a bayan kunnensa. Rumfarsa tana bayan wani injin yankan katako, a ƙarshen layi, inda kwalta ta ƙare. Lokacin da na san shi ya ba saba'in baya, kuma sana'arsa ta koma gyaran baro da ƙofofin gida da tukwanen da gindinsu ya ɓule. Ba wanda zai kalli rumfar nan ya kawo mota a ransa.

Motar da ta kai ni wurinsa ta mahaifinmu ce, wanda muke kira Abba. Ya saye ta tun kafin a haife ni, shuɗiya mai zagayayyun fitilu, kuma a cikinta aka kai kowannenmu makaranta ranar farko. Bayan rasuwarsa aka tura ta ƙarƙashin rumfar kwano a tsakar gida, ni kuma na tafi karatu waje. Shekara goma sha ɗaya na yi. Da na dawo na tarar rumfar tana yoyo, tayoyin sun zauna, kaji suna ƙwai a kujerar baya. Tsatsa ta cinye ƙofar direba daga ƙasa har kusa da mariƙi, mutum zai iya zura hannu ta ramin ya taɓa kujera.

Yaya, babban wanmu, shi ya riƙe gidan duk tsawon shekarun nan, kuma yana so ya gina ɗaki biyu a wurin. Ya riga ya yi magana da 'yan gwangwan, masu sayen tsohon ƙarfe, za su zo ƙarshen wata su yanyanka ta su kwashe. Inna ba ta ce masa a'a ba. Sai dai kowace safiya tana share kewayen motar, ta goge madubin gefe da bakin mayafinta, ta wuce.

Na nuna wa Yaya hotunan irin motar a wayata, yadda ake tashe su a ƙasar da na zauna. Ya kalla, ya miƙo mini wayar.

"Kai da ka ga duniya, nemo mai tashe ta," in ji shi. "In ka samu kafin ƙarshen wata, na fasa. In ba ka samu ba, kada ka sake zuwa mini da mota a cikin waya."

Gareji shida na zaga. Wani ya yi dariya ya tambaye ni ko gidan tarihi zan buɗe. Wani ya ce a toshe ramin da raga, a shafe da fila, wato ƙullun nan da ake cike lotsawar mota da shi, fenti ya rufa asiri. A na shida ne wani dattijon bakanike ya goge hannu ya ce da ni, "Ɗana, mu yanzu canjawa muka iya, a cire tsoho a sa sabo. Abin da kake nema sai Mai Alli, in har yana da sauran ƙarfi."

Na same shi yana shan shayi, ya riƙe kofin da hannu biyu saboda hannayen suna rawa.  Na gaishe shi, na ciro waya, amma ko kallonta bai yi ba.

"Hoto ba ya yin ƙara in an ƙwanƙwasa shi," ya ce. "Kai ni wurinta."

Washegari da hantsi na kawo shi gida. Abin da ya zo da shi 'yar guduma ce, kanta bai fi babban yatsa ba. Da ya ɗaga ta sai na ga abin da har yau ban samu bayaninsa ba: rawar hannun ta tsaya cik. Ya fara daga gaban motar yana ƙwanƙwasawa a hankali, taƙi bayan taƙi, kunnensa kusa da ƙarfen. Inda ya ji ƙara garau sai ya wuce. Inda ƙarar ta dushe sai ya ciro allin ya yi alama. Awa biyu yana wannan, Inna tana zaune a kan kujera 'yar tsugunne, Yaya yana tsaye ya harɗe hannu, alamun kuma suna ta yawa.

"Baba, allin zai ishe ka kuwa?" in ji Yaya. "Ko in aika a sayo kwali guda?"

"Zai isa, in dai ba za ka ci ba," ya ce, bai ko ɗago ba.

Daga nan ya nemi tabarma, ya kwanta, ya ja jiki ya shige ƙarƙashin motar. Muka ji gudumar tana bin dogayen ƙarafan da duk jikin motar yake zaune a kansu. Ko ni da ban san komai ba na ji bambanci, ƙarar tana fita tas kamar ta ƙararrawa, daga gaba har baya. Da ya fito, yatsunsa sun yi baƙi ƙirin. Ya shinshina su, ya juya wajen Inna.

"Hajiya, maigidan nan in ya juye baƙin mai daga inji, ina yake kai shi?"

Inna ta yi wata dariya da na daɗe ban ji ba. "Ina zai kai shi? Yana da wani tsohon burushi. Sai ya shige ƙasan nan ya yi ta shafawa kamar mai yi wa jariri wanka. Riguna nawa na yar saboda wannan hali. Shekara ashirin ina masa faɗa."

"To ki yafe masa," in ji Mai Alli. "Man nan shi ya hana ruwa taɓa ƙarfen. Fata ce ta mutu, ƙashin yana nan da ransa."

Inna ta ja mayafi ta rufe fuska. 

Yaya ya gyara murya. "Na ji, Baba. Amma ƙashi ba ya yawo babu fata. Wannan ƙofar, ko kamfanin da ya ƙera ta ya manta da ita. A ina za a samo?"

"Ba samowa za a yi ba. Ku cire mini ita, da 'yar'uwarta ta ɗaya gefen, ku ba ni kwana goma. In ka gane inda na haɗa sabo da tsoho, kira mutanenka su zo da zartonsu."

Kwana goman nan kusan a rumfarsa na yi su. Ya shimfiɗa takardar buhun siminti a kan ƙofar da take da lafiya, ya bi ta da babban yatsa har kowane layi ya fito, ya yanke, ya juya takardar baibai, ta zama ta ɗaya gefen. Ya yanko fallen ƙarfe daidai da ita. Yana da wani kututture da aka fafe tsakiyarsa kamar akushi, a nan ya ɗora fallen ya yi ta bugu da gudumar itace har ya koma kamar buhun dankali. Na ɗauka ya lalata shi. Sai ya sauya guduma, ya tara wani dunƙulen ƙarfe ta baya, ya shiga bin ƙulle-ƙullen ɗaya bayan ɗaya, bugu dubu nawa ban sani ba, har suka kwanta. Lokaci-lokaci yakan rufe ido, ya ɗora tsumma a tafin hannu ya shafa. Ya ce ido yana da kara, yakan ga abin da mai shi yake so ya gani, tafin hannu kuwa ba ruwansa.

A tsakanin bugun nan ne na ji labarinsa, guntu-guntu, don ba ya son a zaunar da shi a yi masa tambayoyi. Mahaifinsa maƙerin bokiti ne da fitilun gwangwani, kuma a wurinsa ya koyi naɗe bakin ƙarfe. "Bokiti shi ne malamina," ya ce. "In ka yi ha'inci, kafin mai shi ya isa gida ruwa ya jiƙa masa ƙafa, ya dawo ya same ka." Daga nan ya yi shekara talatin a wani wuri da ake ƙera jikin manyan motocin fasinja da hannu, su arba'in a rumfa ɗaya, ba ka jin maganar na kusa da kai. Da aka fara shigo da motocin a ƙere sai wurin ya rufe. Waɗanda ya koya wa aiki suka koma fila, domin tana gama a yini abin da guduma take yi a mako. Na tambaye shi ko abin yana masa ciwo.

"Suna da iyali," ya ce. "Ni ma da an kawo ta ina saurayi, wa ya sani." Ya ci gaba da bugu.

Ranar bakwai ya yanke ruɓaɓɓen ɓangaren ya kawo sabon. Bai ja walda a miƙe ba. Ɗigo ɗaya yake sawa, ya buge shi tun yana ja, ya bar shi ya huce, ya koma can nesa ya sa wani, don kada zafi ya murɗe ƙarfen. Yini biyu ya yi yana cike tsakanin ɗigon, sannan ya bi da magagari.

Ranar goma Yaya ya zo daga wurin aiki, takalminsa yana ƙyalli. Ƙofar tana jingine a bakin rumfa, babu fenti, farin ƙarfe tsirara. Ya tsuguna ya duba. Ya sa tabarau ya sake dubawa. Ya sa muka ɗauke ta muka kai rana, ya kalle ta ta gefe. Sannan ya ciro maganaɗisu daga aljihu, wani abokinsa ya gaya masa ba ya kama inda aka ɓoye fila. Ya bi ƙofar da shi lungu-lungu, ko'ina ya ɗora sai ya manne.

"Ka gama awon ciki, likita?" in ji Mai Alli daga kan bencinsa.

Yaya bai kula shi ba. Ya daɗe yana shafawa, daga ƙarshe ya ɗora yatsa a wani wuri. "Nan ne."

Mai Alli ya ce in juya ƙofar. Ta ciki ana ganin zaren waldar, siriri kamar ɗinkin tela. Yana ƙasa da yatsan Yaya da taƙi guda cur. Wurin da ya nuna tsohon ƙarfe ne, wanda Abba ya jingina gwiwa a kansa shekara da shekaru.

Yaya ya miƙe, ya cire tabarau, ya tsaya yana kallon tsohon nan da ya koma riƙe kofin shayinsa da hannu biyu. Sannan ya ciro waya ya matsa gefe. Na ji yana ce wa 'yan gwangwan, "A'a, kada ku zo. Ba maganar farashi ba ce. Mun fasa." Da ya dawo muryarsa ta sauya.

"Baba, sauran jikin fa? Wata nawa?"

"In Allah ya ara mana rai, shekara. Amma tsatsar ƙasan motar ba ni zan kankare ba, bayana ya daina wannan. Ga ku nan ku biyu."

Yaya ya kamo hannuna ya juya tafin yana dubawa. "Wannan? Hannun biro ne, Baba. Kwana ɗaya zai yi ya kwanta."

"Naka ma ban ga kanta a jikinsa ba," in ji Mai Alli.

Yaya ya yi dariya, ya sake ni. A hanyarmu ta komawa ya ce ɗakunan za su iya jira, ko a yi guda ɗaya a wajen rijiya. Ya ce in nemo tayoyi huɗu ko na aro ne, da mutanen da za su taya mu tura ta rumfar Mai Alli ranar Asabar, shi kuma zai shiga ya gaya wa Inna da bakinsa.