Dattijo da Ɗan Tsuntsun Tasha

Daga tagar shagon shayinta a tashar jirgin ƙasa, Nerys tana kallon wani dattijo da ba ta taɓa gani ba. Dogo ne, kwat ɗinsa ya yi masa yawa, hannuwansa kaushi kamar na wanda ya tsufa yana kiwon tumaki. Yana tsaye cikin dusar ƙanƙara, ya miƙa tafin hannu da ɓarɓashin cuku.

Robin, ɗan tsuntsun nan mai jan ƙirji da ke waƙa ko a tsakiyar hunturu, yana kan shinge yana karkata kai, yana auna shi. Mafaɗaci ne, ko ɗan'uwansa ba ya bari ya raɓi wurin. Sai ga shi ya dira a babban yatsan dattijon.

Jirgi ya tsaya, ƙofofi suka buɗe.

"Baba, jirginka fa! Wani sai da yamma!" in ji Nerys.

Ko motsi bai yi ba. Ta gefen baki ya amsa, yana murmushi:

"Yi a hankali, 'yar nan. Matata na asibiti, ta ce in na sake zuwa ba labari, in koma. Yau kam na samo mata."