Ranar da Aka Ƙi Kayar da Ni a Perry Barr

Shekarun baya, lokacin da council, wato ƙaramar hukuma, ke ta rufe ɗakunan wasanni da sunan tsuke bakin aljihu, ina koyon aikido a Gorton, wata unguwa a Manchester. Wasan Japanawa ne: mutum ya kamo ka, ka juya ƙarfinsa ka kai shi ƙasa, ya tashi shi ma ya kai ka. Matata kan ce, "Baban yara, da girmanka da tumbinka, ka je a riƙa maka ka da ƙasa?"

Da aka rufe ɗakinmu, babbar ƙungiyar wasan ta ce mu koma ƙarƙashin wani malami. Namu malamin ya ce atafau, ya fice daga ƙungiyar, muka koma zauren wani coci. Ni dai ban san rigimar ta yi tsamari ba.

Ana nan sai aka sa babban horo a Perry Barr, can Birmingham. Wani dattijon malami zai zo daga Japan, na daɗe ina burin yin wasa a gabansa. Na hau mota baki har kunne.

A al'adar wasan, in malami ya nuna dabara, kowa zai rusuna wa na kusa da shi, su tashi su gwada. Wanda bai sami aboki ba, sai kallo. Na rusuna wa na damata, ya kalli tambarin rigata ya kau da kai. Na hagu ma haka. Ashe an raɗa musu kada su taɓa ɗaliban malaminmu. Wallahi na ji kunya, na ji haushi. Ƙato da ni, durƙushe ni kaɗai kamar ɗan firamaren da ya makara. Aka sake nuna wata dabarar, aka sake tsallake ni. Na fara hango inda na ajiye takalmana.

Sai ga wata dattijuwa 'yar Jamaika mai baƙar ɗamara irin ta ƙwararru ta ratso mutane, ta durƙusa gabana ta rusuna. Wani shugaba ya yi gyaran murya, ko kallonsa ba ta yi ba.

"Tashi, ɗana," in ji ta. "Wasa ya kawo ni daga Handsworth, ba taron kwamiti ba."

Na riƙe hannunta a hankali, wai ni mai ladabi.

"Kai, kama ni da gaske!"

Na kama. Kafin in ƙifta ido, silin nake kallo. Haka ta yini tana shimfiɗa ni, har dattijon ya zo ya gyara mini riƙo, bai kuma tambayi ɗan wace ƙungiya ba ne ni.

Har yau manyan ba su shirya ba, ni kuwa ban riƙe kowa a zuci ba, waɗanda suka guje ni umarni suka bi. Na koma Manchester ƙugu na ciwo, raina fes. An sha kayar da ni a duniya, amma ban taɓa tashi daga ƙasa ina godiya irin ta ranar nan ba.