Burtun da Ba a Ɗaura wa Sanusi Ba

A Pauwa, in ka ce Maharazu sai a tambaye ka wanne, amma in ka ce Mai Burtu ko ƙaramin yaro zai kai ka har ƙofar gida. Gajere ne, baƙi, magana sai ta kama dole. Gwiwoyinsa sun yi kanta kamar na raƙumi, kuma kada ka ce yawan nafila ne, ko da yake ba ya wasa da salla. Rarrafe ne ya yi masa haka.

Da damina manomi ne kamar kowa, gero da dawa da 'yar audugar da motoci suka fara kwasa zuwa Funtuwa a shekarun nan na alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai. Amma da rani ya yi nisa sai ya ɗauko abin da ya gada. Kan burtu ne, baƙin tsuntsun nan mai jan maƙogwaro da ke kiwo a ƙasa, an kafe shi bisa lanƙwasasshen icce. Sai ya ɗaure shi a goshi, ya lulluɓa baƙin zane, ya durƙusa. Namun daji ba sa gudun burtu. Haka zai yi ta jan gwiwa yana caccakar ƙasa, yana ɗaga kai yana waige, har ya kusanci garke, sannan ya saki kibiya ɗaya. Ya bi dabbar ya yanka kafin rai ya fita, ya saɓo, sauran garken ba su ma san me ya faru ba.

Shi ya sa ba ya shiri da 'yan gangi, masu fita farauta gari guda da kiɗa da karnuka da gorori, su cinna wa daji wuta, su kashe mai ciki da mai shayarwa, sannan su ɓuge da faɗa kan wa ya riga wa. Shugabansu Barau, ƙato mai murya, ɗan tauri ne da ke cika kasuwar Kankara da kirari. Maharazu kan ce wannan ba farauta ba ce, hayaniya ce. Ni ma dai, Allah ya sani, ra'ayina ke nan.

Ɗa namiji guda Allah ya ba shi, Sanusi, sauran duk mata. Kuma ɗan fari ne, don haka tun da aka haife shi Maharazu bai taɓa kama sunansa ba, bai taɓa ɗaukarsa a gaban mutane ba. Daga "kai" sai "yaron nan". Wanda bai sani ba sai ya ce ba ya son yaron. Ina! Son ne ya rasa ƙofar fita, ya taru wuri guda, ya zama shiri ɗaya tak: bazarar da Sanusi zai cika sha biyar, zai ɗaura masa burtu da hannunsa, ya kai shi harbinsa na farko.

Tun kaka ya fara. Ya samo kan tsuntsu ya shanya, ya sassaƙa wuya daidai goshin yaron, ya manna jajayen 'ya'yan itacen idon zakara a gurbin idanu da kakin zuma. Da la'asar sai ya fitar da shi bayan gari ya sa shi rarrafe a kan kunyoyi, ya nuna masa yadda ake sakin toka a ga inda iska ta nufa. Samarin gari kuwa suna bisa reshen tsamiya suna ƙyaƙyata dariya, suna kiran Sanusi ɗan tsuntsu. Maharazu ya ji su sarai, bai ɗauke shi bakin komai ba, don shi ma an yi masa. Bai lura da yadda yaron ke sunkuyar da kai ba in 'yan mata sun wuce da tulu.

Da zafi ya tsananta, rafuka suka ƙafe, sai ya kai shi ya ga wurin. Can yamma, wajen da ake ratsawa in za a Ruwan Godiya, akwai wani kududdufi a maƙale tsakanin duwatsu, wanda ba ya ƙafewa har ruwa ya sauka. Suka kwanta bayan wani dutse, ga gwankaye sun zo sha.

"Ka ga wancan mai hwarin baki?" in ji Maharazu a hankali. "Shekara biyu ina kallonshi ban taɓa shi ba. Naka ne."

Sanusi ya ce, "To, Baba."

"Wurin ga, ubana ya sa mashi suna Randa. Ya rasu, saura ni, yanzu ga kai. Ko uwarka kar ta ji."

Ran nan Maharazu ya dawo gida yana ta fara'a, har matarsa Fatsuma ta tambaye shi ko lafiya.

Abu ɗaya ya rage, kibau. Akwai maƙeri a Pauwa, amma ya ce kibiyar farko ta ɗansa sai ta wani tsohon maƙeri da ya sani a Faskari. Ya ɗauki goran ruwa ya kama hanya a ƙasa, ya kwana can har aka gama, da niyyar in ya dawo ya shafa dafi su fita.

A hanyar dawowa zuciyarsa ta ce ya ratsa ya leƙa Randa. Tun daga nesa ya jiwo ƙauri. Ciyawar da za su ɓuya a ciki ta zama toka, ruwan ya dagule da sawun karnuka, jini ya bushe a kan duwatsu, ungulaye sun yi layi. Ya tsaya ya daɗe. Ransa ya ɓaci da Barau, amma daji na Allah ne, kuma mai yawo da mutum ɗari wata rana dole ya yi tuntuɓe da wurin. Abin da ya fi cin ransa tausayin yaron ne. Duk tsawon hanya yana ta juya yadda zai gaya masa ba tare da ya karya masa zuciya ba.

A bakin gari ya iske Barau da mutanensa suna shanyar fatu. Ga wata babba an baje ta daban, kan na gefe, da farin bakinsa.

"A'a, Mai Burtu, sannu da hanya!" Barau ya taso yana washe baki. "Ashe haka kake? Kana da Randa shekara da shekaru ka ɓoye mamu?"

Maharazu ya ja ya tsaya. Da Barau ya ce kududdufi, ko ruwan duwatsu, da shi ke nan. Amma Randa ya ce, kuma mutum biyu ne a duniya suka san wannan suna.

"Mi ka ce?"

"Randa mana. Kai dai ka haihu, wallahi. Ɗanka shi ya shige gaba har bakin ruwa, ya nuna mamu ta inda iska ba ta tona mu. Cinya guda muka ba shi, kuma daga yau namu ne."

Maharazu ya wuce. Kibau na ta ƙara a cikin jaka. An taɓa cutarsa a duniya, amma bai taɓa jin ciwo irin wannan ba, don da abin da ya koya wa yaron da bakinsa aka ci amanarsa.

Gida ya cika da ƙamshi. Fatsuma sai kai da kawowa take, ta raba wa maƙwabta, ta dafa sauran. Ita dai ɗanta ya kawo naman farko, ba ta san komai ba bayan wannan. Bayan magariba ta ajiye akushi gaban mijinta ta koma gefe, don a gidan maharba uba ne ke fara cin naman farkon ɗa, ya sa masa albarka.

Sanusi ya durƙusa nesa kaɗan, idonsa a ƙasa.

"Don mi?" in ji Maharazu.

Yaron ya ce, "Baba, dariya suke mani. Barau ya ce in na nuna masu wuri, ba mai sake ce mani ɗan tsuntsu. Jiya har kirari anka yi mani a dandali."

Da Maharazu mai duka ne, da abin ya zo da sauƙi, a yi kuka a wuce wurin. Ya dubi akushin. Ya san in ya ture shi, gobe gari ya ɗauka cewa uba ya ƙi sa wa ɗansa albarka, kuma wannan tabo ba ya goguwa. Ya sa hannu ya ɗauki tsoka guda, ya daɗe yana taunawa kafin ta wuce.

"Allah shi yi albarka," ya ce.

Fatsuma ta rangaɗa guɗa. Sanusi ya saki ajiyar zuciya, a zatonsa an wuce wurin, har ya ɗago kai.

"To Baba, yaushe za mu tahi namu?"

"Ina?" in ji Maharazu. "Wuri guda gare ni, kuma ka riga ka je."

Sanusi ya zama ɗan gangi sosai, har ya yi suna. Uban bai rage shi da komai ba, ya yanka masa gona, ya yi masa aure, yana amsa gaisuwarsa kullum safe. Shi kuwa ya ci gaba da rarrafensa shi kaɗai, yana nausawa har wajen Sabuwa, sai da gwiwoyi suka ƙi. In ya dawo da nama aka ce, "Mai Burtu, ina aka samo wannan?" sai ya ce, "Daji." Ko Sanusi ne ya tambaya, amsar ke nan.