Shaton da Ya Yi Ƙuraje

Ban ko sauke jakata ba, ranar da na dawo Arlit hutu daga jami'a, aka gaya mini shaton unguwarmu ya yi ƙuraje. Shato shi ne babban tankin ruwan nan da ake ɗorawa bisa dogayen ƙafafun ƙarfe. Namu sabo ne, 'yan unguwa suka haɗa hannu aka ƙera shi, kuma yayana ne ya yi masa fenti. Na sha kallon hotonsa a waya: shuɗi shar, kamar an yanko ɗan sararin sama an ajiye mana a tsakiyar gidajen laka.

Yaya ya yi shekaru yana fentin ƙarfe a kamfanin ma'adinai. Da aka rage ma'aikata sai ya buɗe ɗan wurin aikinsa, shaton nan kuma shi ne babban aikinsa na farko. Bai shekara ba fentin ya fara kumbura, yana fashewa, jan ruwan tsatsa yana zirarowa. Magana ta zaga gari cewa ya sirka fentin da isans, wato fetur na mota, don ya yi auki. Masu kawo masa ƙofofi da tagogi suka ɗauke ƙafa. Har ya kama wuri a motar wani abokinsa, zai tafi haƙar zinariya Tchibarakaten. Inna ba ta ce masa kada ya tafi ba, amma na lura tuwonta yana kwana a kwano.

Na same shi zaune a zaure yana jujjuya bakin mafesar fenti a hannu.

"'Yar boko, an dawo? To ke da kika karanta sinadarai, gaya mini abin da ban yi ba." Bai jira amsa ba. "Tun shaton yana kwance a ƙasa na kankare shi da yashi da iska har ya yi fari fat. Ban wanke shi da ruwan garin nan ba, gishiri gare shi, in ya kwanta ƙarƙashin fenti shi ke jawo laima. Ban fesa da tsakar rana ba, lokacin da ƙarfe ke ƙuna, fenti ya bushe a sama ciki ɗanye. Jan nan mai hana tsatsa na fara shafawa, na bar shi ya kama. Isans kuwa, wallahi ko warinsa bai ji ba."

"Ka hau ka duba, Yaya?"

"Na hau. Ƙuraje ne. Me zan gani a ƙuraje?"

Na ce ya kai ni. Ya dube ni daga kallabi zuwa takalmi, ya ce wadda ke tsoron ƙadangare ce za ta hau shato? Amma bayan la'asar sai ga mu a gindinsa. Na ɗaure mayafina a ƙugu, na kama tsani, yana biye da ni yana cewa kada in dubi ƙasa. Ni kuwa daɗi ne ya cika ni. Kowane taku iska tana ƙara sanyi, gari yana buɗewa: rufin kwano yana walƙiya, tulin ƙasar da aka haƙo daga ramuka ga shi can kamar duwatsun da aka aske wa kai, bayansu kuma hamada shimfiɗe har inda ido ya gaji. Ban taɓa sanin garinmu yana da kyau haka ba.

Muka tsaya a ɗan dandalin da ya zagaye tankin. Na fara duba inda aka koya mana fenti ke fara mutuwa. Bakin ƙarfe da layin walda, inda shafi ke yin siriri, lafiya lau. Gefen da iska ke bugawa da yashi ya ɗan dusashe, amma bai fashe ba. Ƙurajen a tsakiyar jikin tankin suke, a fili sumul inda babu dalili, kuma gungu-gungu, nan tari, can tari, tsakaninsu fenti garau.

Rana ta karkata, haskenta yana zuwa daga gefe, kowane ƙurji ya sami 'yar inuwarsa. Na tsaya ina kallon wani gungu don kawai ya yi mini kyau, kamar zanen lalle. Sai na tuna tankin a kwance yake lokacin da aka yi masa aiki. Na langaɓar da kai gefe. Layi huɗu a jere, na biyar ya ware, ƙasansu wata faffaɗar da'ira.

"Yaya! Hannu ne!"

"Hannun wa? Riƙe ƙarfen nan kada ki faɗi!"

Na ɗora tafina a kai, ya zauna daram. Na ruga na gaba, shi ma hannu. Wani babba, wani ƙarami, wani an ja shi ƙasa kamar an shafa. Ina tsalle ina dariya, dandalin yana girgiza, Yaya yana salati yana riƙe da gefen rigata. Sannan shi ma ya langaɓar da kai, ya ga hannayen.

A gida Inna tana tankaɗe muka faɗa mata a tare, kowa na katse kowa. Ko gezau ba ta yi ba.

"To, ai mu ne. Ranar Juma'ar da ka gama kankare shi ka tafi masallaci. Mun fito daga sunan gidan liman, muka gan shi yana ƙyalli kamar sabuwar tasa. Ruwan da jikokinmu za su sha, a ɗaga shi sama ba addu'a? Kowace ta karanta abin da ta sani, ta tofa a hannu, ta shafa masa."

Na ce, "Inna, me kuka ci a gidan sunan?"

"Fanke mana, da naman kaza. Me ya kawo wannan tambaya?"

Yaya ya ce, "Kuma da man kaɗanya a hannu?"

"Da wane hannu kake so in je suna, mai faso?"

Yaya ya zame ya zauna a ƙasa, yana dariya har da hawaye. Ƙarfen da aka kankare tsirara yake, ɗan maiƙo da gishirin gumi sun isa su shiga tsakaninsa da fenti. Shi kuwa ya dawo daga masallaci ya gan shi fari fat kamar yadda ya bari, da rana ta yi sanyi ya hau feshi.

Washegari muka sake hawa, na ɗauki hotunan hannayen da waya. Kafin azahar wayata ta zaga unguwa. Tsakar gidanmu ta cika da tsofaffi mata, kowace tana neman nata. Wata maƙwabciyarmu Buzuwa ta ce dogon nan nata ne, ba mai yatsu irin nata a Arlit. Matar liman ta ce ƙarya ne, ita ta fara shafawa a wurin. Wata ta ƙwala wa Yaya kira: "Kai ɗan nan, addu'armu ce ta fi ƙarfin fentinka!" Ya ce, "Hajiya, addu'ar ta karɓu, fanken ne bai karɓu ba." Aka bushe da dariya. Mai unguwa ya zo ya daɗe yana duba hotunan, ya ce a gaban kowa an ɗauki alhakin yaron nan, kuma shi zai sake aikin.

Yaya ya ce ya yarda, amma wannan karon igiya zai zagaya wa wurin, mai addu'a ta yi daga nesa. Inna ta ce Allah yana ji ko daga ina.

Da yamma abokinsa mai mota ya yi sallama a ƙofar gida, yana tambaya ko ya haɗa kaya. Ina jin Yaya daga zaure yana ce masa ya ba wani wurin, shi yashi zai nema mai kyau, marar gishiri, kuma ko ya san inda ake samunsa.