Zabuwar da Ta Hana Jirgi Tashi

Duk lokacin da na ji ana cewa a rediyo nan gaba jirage marasa matuƙa ne za su riƙa kai wa mutane saƙo har gida, sai dariya ta ƙwace mini. Ba ƙaryata su nake yi ba. Ni dai na riga su, don da hannuna na taɓa ɗaura wa irin jirgin nan ƙullin yaji.

A daminar da aka katse layukan waya a yankinmu ne. Muna wani ƙauye kusa da Sabon Birni, ƙanwata kuwa tana aure a tsallaken gulbi, ga ta da tsohon ciki, na fari. Gulbi ya cika ya cinye fadama, mai kwalekwale ya rantse ba zai shiga ruwan nan ba. Hanyar zagaye ta wajen Isa kuma, kowa ya san waɗanda suka tare ta. Watan haihuwa ya kama har ya fita, ba mu ji komai ba. Inna, mahaifiyarmu, ta daina cin abincin kirki, kullum tana bakin gulbi tana hangen ƙetare. Abin da take son sani ɗaya ne: ɗiyarta tana raye ko kuwa?

Akwai wani abokina mai ɗaukar hoton biki da ya zo aiki daga Sakkwato, hanya ta rufe da shi, yana kwana a zaurenmu. Yana da ɗan jirgi mai ɗaukar hoto daga sama, faɗinsa bai wuce faifai ba. Ranar da Inna ta ga ya tashe shi, sai ta tsare shi da tambaya.

"Wanga abu shina iya ƙetare gulbi?"

"Shina iyawa, Inna."

"To shi tai shi gano min ɗiyata. Amma ba a zuwa gidan surukai hannu biyu, shi riƙa mata yaji."

Abokina ya ce jirgin ba ya ɗaukar nauyi. Muka yi ta rage yajin Inna tana tsaki, har ya koma ɗan ƙulli. Ta ƙulle shi a tsohon kallabinta mai ɗigo-ɗigo, wanda ko a mafarki ƙanwata ta gani za ta gane.

Da hantsi muka taru a kan tudun bakin gulbi. Jirgi ya tashi yana kuka kamar an tono gidan zuma, kallabin Inna yana lilo a ƙarƙashinsa. Mata suka saki guɗa, ni kuwa ina ta tsalle da girmana. Muka haɗa kawuna a kan wayar abokina muna kallon abin da jirgin ke gani: jan ruwa, kan gero da ya nutse, sai ga rumbuna. Na nuna masa gidan da tsamiya ke tsakiya, ya sauke shi ya kashe farfela.

Gidan ya watse! Ba ka ganin komai sai takalman da aka bari a guje. Can sai ga ƙafafu suna matsowa a hankali, har da taɓarya. Wata tsohuwa ta sunkuyo, hancinta ya cika mana waya, surukar ƙanwata ce. Ta kwance kallabin, ta sunsuna, ta ɗaga hannu sama. Muka yi ta shewa kamar tana jin mu.

Abokina zai tada jirgi ke nan, sai tsohuwa ta dafe shi. Ai a wurinmu ɗan aike ba ya komawa haka nan, sai da tukuici. Muna kallo aka kamo zabuwa ƙosasshiya, aka ɗaure ƙafafunta, aka ɗaura ta da igiyar da ta kawo yaji.

"Wayyo jirgina!" in ji abokina.

Ya kunna farfela, jirgi ya ɗaga kaɗan, zabuwa ta yi fiffike, suka faɗo tare. Ya sake, suka sake faɗowa. Mutanen gidan suka yi cirko-cirko suna shawara, kuma sai suka fahimci abin yadda duk mai kunya zai fahimta: ɗan aike ya ƙi tafiya, ashe ya raina tukuici. Aka ƙaro goro. Aka ƙaro ƙwai a ƙoƙo. Wani dattijo har ya tuɓe hularsa ya ɗora a kai.

Na yi dariya har na kwanta a ƙasa ina riƙe da ciki. Abokina yana zufa yana cewa caji ya kusa ƙarewa. Inna kaɗai ce ba ta dariya. Ta ƙura wa wayar ido, ta ce, "Na ga kowa, ban ga ɗiyata ba." Nan dariyata ta tsaya, tsoro ya kama ni sosai.

Sai labulen wani ɗaki ya motsa. Ga ƙanwata ta fito tana takawa a hankali, ta rame, kallabin Inna a kanta, jariri a kafaɗa. Mai jego ba ta fita tsakar gida haka, shi ya sa suka hana ta tun farko. Ta ture goron da ƙwan, ta saki zabuwar, ta durƙusa ta kara fuskar jaririn a idon jirgin. Sannan ta cire masa 'yar hular ulun da ke kansa ta ɗaura a igiyar.

Jirgi ya taso sakayau, ya ƙetaro da ƙyar, ya faɗi cikin gyaɗar wani a bakin tudu. Inna ta riga mu isa, ita da ke kukan ciwon gwiwa. Ta kwance hular, ta kai hanci, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Da ɗuminta," ta ce, hawaye suna zuba. "Ku zo ku ji, wallahi da ɗuminta."

Hular ta ratso iskar gulbi, ta yi sanyi ƙalau. Na taɓa, na ce mata lallai da ɗuminta.