Gwiwar Shifu

A shekarun da na yi ina zuwa Guangzhou saro takalma, mutum ɗaya ne yake ɗaukar mini kaya daga kasuwar Zhanxi Lu zuwa sito. Wani ɗan Maraɗi da muke sauka masauki ɗaya ne ya haɗa mu. Ɗan Chaina ne dogo mai faɗin kafaɗa, ya fi mutanen garin girman jiki nesa ba kusa ba, haƙoransa na gaba kuma na roba ne. Ina ce masa shifu, kamar yadda ake ce wa kowane direba a can. Shi kuma yana ce mini lawban, wato maigida, duk da kayan da nake saya ba su kai a kira ni haka ba.

Abin da na fara lura da shi shi ne yadda yake fita daga mota. Sai ya juya jikinsa gaba ɗaya, ya riƙe ƙofa, ya sauke ƙafar dama, sannan ya ɗago ta hagu da hannu. Na ɗauka haɗari ya taɓa yi. Wata rana cunkoso ya tsare mu a hanyar Nansha, ga zafi, ga na'urar sanyin motar ta mutu, sai na tambaye shi. Ya yi ɗan murmushi, ya nuna mini wani hoto a wayarsa: wani saurayi cikin hular kwano da riga mai kumburin kafaɗu, riƙe da sanda mai lanƙwasa, tsaye a kan wani farin daɓe.

Ya ce, "Ni ne. Hoki, a kan ƙanƙara. Shi ne aikina da."

Ni da ko ƙanƙarar firji sai in an kawo wuta nake gani, sai da ya sha wahala kafin na gane. Da guntun Turancinsa da nawa, da wayar da take fassara mana tana kwaɓawa, na tsinci labarin a tafiye-tafiye da dama. Can arewacin ƙasar aka haife shi, inda kogi yake daskarewa har mota ta bi ta kai. Tun bai yi wayo sosai ba aka raba shi da iyayensa aka kai shi makarantar 'yan wasa, saboda an ga yana da jiki. Mai tsaron baya ne. Ya ce aikinsa shi ne ya tare mutum da ƙirji, in an harbo ɗan baƙin faifan da suke bugawa ya kwanta ya tare shi da duk inda ya samu. A nan haƙoran suka tafi. Ya taɓa samun wata ƙungiya a Rasha, ya je da murna, amma yawancin zamansa a benci ya yi shi, ba mai yi masa magana sai mai wankin kaya. Da ya dawo gida ya ci gaba da buga wa ƙungiyar garinsu, har ranar da aka tara su aka ce masu ɗaukar nauyi sun janye. A lokacin an riga an yi masa aiki a gwiwa har sau biyu. Matarsa ta samu aiki a wata masana'anta a kudu, ya biyo ta, ya sayi motar ɗaukar kaya.

Ba ya faɗar wannan da ɗaci. Yadda nake ba da labarin kwastan da canjin kuɗi, haka yake ba da nasa, kamar abin da ya gaji da tunawa. Ni ma a lokacin ƙafafuna sun fara ƙin hawa benayen kasuwa. Sai in wuni ina shiga shago ina fita, kowa na ce mini meyo, wato babu, in dawo mota in zube.

Wani zuwa da na yi lokacin baje kolin Pazhou, sai ya fito da wata tsohuwar jaka daga bayan kujera. Takalman wasansa ne, baƙaƙe masu tauri, kowanne da ƙarfe kamar wuƙa a ƙasa. Ɗinkin ɗaya ya farke daga dunduniya. Ya ce tunda ni mutumin takalma ne, ko na san wanda zai gyara. Wani tsohon abokin wasansa ya zama babba a wata makarantar koyar da yara a arewa, suna neman mai horarwa, kuma zai zo Guangzhou. Tsofaffin 'yan wasa za su yi wasan sada zumunci ranar Lahadi, yana so mutumin ya ga har yanzu yana iya tsayawa.

Na kai wa wata mata da take ɗinka mini samfurin takalma. Ta juya takalmin, ta ce fatar ta mutu, amma ta ɗinke. Da na mayar masa na ce, "Shifu, takalmi ya gyaru. Ƙafar fa?"

Ya ce, "Rana ɗaya ce. Za ta iya."

Ya matsa sai na je kallo. Filin na ƙanƙara ne da inji yake daskararwa, yana hawa na sama a wani katafaren kanti, tsakanin masu sayar da tufafi da gidajen abinci. Na sa rigar sanyi a kan kaftani na zauna ina karkarwa. Da ya hau ƙanƙarar na kusa kasa gane shi. Mutumin da yake ɗaga ƙafarsa da hannu sai ga shi yana sulalewa da baya, yana juyi ba ƙoƙari, kansa a ɗage. Ban san dokar wasan ba, amma na ga duk wanda ya nufo ɓangarensa sai ya sake hanya. Abokin nasa yana tsaye bakin shinge, rabin hankalinsa a kan waya.

Ba wanda ya ture shi. Ya zo juyawa ne kusa da raga, ƙafar hagu ta ƙi binsa, ya zauna a kanta. Ya yi yunƙurin tashi ya koma. Mutum biyu suka kamo shi suka fito da shi. Ni na cire masa takalmin, gwiwar ta riga ta fara hawa. Abokin ya zo ya dafa shi, suka yi magana da yarensu a hankali, ya ba shi sigari, ya tafi. Da muka shiga tasi za mu asibiti shi da kansa ya ce an ce masa aikin na masu jini a jika ne, kuma dama an riga an ba wani.

Matarsa ta same mu a can. Ba ta yi faɗa ba. Ta yi mini godiya, ta zauna gefensa tana duba takardar hoton ƙashi, kamar wadda ta saba.

Tuƙi bai ƙara yiwuwa ba, don ƙafar ba ta iya taka kuloci. Ya sayar da motar, ɗan Maraɗin nan ya nema masa aiki a siton da muke tara kaya, yana zaune a kujera yana liƙa alama a jikin kwalaye. Ni ma zuwana ya ragu, yawancin sari ta waya nake yi yanzu. Zuwana na ƙarshe na same shi ya yi ƙiba, ya koyi cewa sannu da aiki da ina gajiya, yana gaishe da 'yan Kano da su suna dariya. Ya zuba mini shayi a ɗan kofin takarda. Na tambaye shi ko yana kallon wasan a talabijin, ya ce wani lokaci, amma barci yake ɗauke shi kafin a tashi. Muka sha shayin, aka kira shi ana neman kwalayen Yamai, ya dafa tebur ya miƙe a hankali.