Bajon Igwa a Zauren Gidanmu

Gidanmu na unguwar Sheshe gidan fatake ne da malamai. Kowa a cikinsa ko alƙalami ko ma'auni. Ni kaɗai na fita zakka: na watsar da boko a ƙaramar sakandare, na shiga soja, aka kai ni rundunar igwa.

Tun muna kurata sajenmu ya dasa mana abu ɗaya a ka. Sauran sojoji suna da tuta, mu igwar ce tutarmu. Ba a zama a kanta, ba a jingina da ita, in an zo wucewa da ita a fareti sai ka ƙame ka sara mata. Ya ce magabatanmu a yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, kwance ta suke yi, su ɗauke ta a ka gunduwa-gunduwa cikin kurmi, ba su taɓa gudu sun bar ta ba.

Na bar aiki da mataccen kunnen hagu, ba wanda ya ce mini sannu. Sai na kafa bajon hulata a bangon zaure, 'yar igwa ta tagulla bisa ƙafarta. Kullum zan fita sai na sara mata.

Yayana ne ke ba da karatu a zauren. Wata safiya, a gaban ɗalibansa, manyan 'yan kasuwar Ƙofar Wambai, ya ce, "Ƙarfe kake sara wa? A cire abin nan daga zauren Baba."

Na ce, "Na'am, Malam?"

"Ka ji ni sarai."

"Da wane kunnen? Ƙarfen nan ya cinye shi, don ka yi karatunka lafiya."

Wani Alhaji ya ce, "Soja, ko mu ma mu miƙe mu ƙame?"

"Da wannan tumbin? Alhaji, ko harsashinta ba za ka iya ɗagawa ba."

Aka yi dariya, ban da Malam. Na gaya masa sujada ta Allah ce. Sarawa kuwa ta waɗanda suka faɗi a gindin igwa ce, wasunsu ni na ɗauko gawarsu. Ya ce ya ji, amma zaure na karatu ne.

Babba ne, na cire. Na samo ƙusa na kafa shi a waje, a goshin ƙofar gida, inda duk unguwa za ta gani. Ƙofar tamu irin ta da ce, gajera. Duk mai shiga sai ya sunkuya, har Malam. Bai sake tayar da maganar ba.